Port Royal ba garin 'yan fashin teku kaɗai ba ne

An daɗe ana cewa arzikin Port Royal, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Jamaika, daga fashin teku ya samu. Akwai ƙanshin gaskiya: bayan Ingila ta ƙwace tsibirin a 1655, hukuma da kanta ta riƙa ba 'yan fashi izinin far wa jiragen Sifaniya.

Amma daga 1670 aka fara taka musu birki. Kafin girgizar ƙasar 1692 ta nutsar da yawancin garin, fatauci ne ya riƙe shi: sukari, fasa-ƙwaurin yadi zuwa yankunan Sifaniya a karɓo azurfa, sai mummunan cinikin bayi daga Afirka ta Yamma.

Mai son tabbatarwa ya nemi binciken masana kan takardun gadon attajiran garin, ya kuma lura da shekarar da kowane labari ya shafa. Don Allah a tura wa wasu.