Tsatsar alkama: tambayoyin masu garka a Damagaram

Mece ce tsatsar alkama, kuma yaya ake gane ta?

Cuta ce dangin funfuna, masana na kiran ta Puccinia triticina. Tana fitowa a bisa ganye kamar ƙananan ƙuraje masu launin jan ƙasa, warwatse ba a jere ba. Ka shafa ganyen da yatsa. In garin ja ya maƙale maka, ita ce. Garin nan shi ne irinta, iska ke kwasarsa daga garka zuwa garka, har daga ƙasa zuwa ƙasa. Tana da 'yan'uwa biyu: tsatsar kara, wadda ta fi ɓarna, da tsatsa ruwan ɗorawa mai fitowa layi-layi a wurare masu sanyi.

Mu da muke noman rani cikin hunturu, ina ruwanmu da ita?

Bushewar iskarmu tana taimakonmu, gaskiya ne. Amma ƙwayar cutar ba ta buƙatar ruwan sama. Raɓar dare ta 'yan awowi da sanyi mai sauƙi, kamar digiri 15 zuwa 22, sun ishe ta. Garkar da ke bakin tafki ko cikin fadama, aka cika shuka, aka yawaita takin zamani, tana iya haɗa mata duk wannan. Cikin kwana 7 zuwa 10 sabbin ƙuraje sun fashe. In ta kama ganyen sama kafin zangarniya ta cika, ƙwayar alkama sai ta fito a ƙanjame, mai tuƙa alkaki ma ba zai so ta ba.

Me ya sa irin da bai kamu ba bara yake kamuwa bana?

Nan ne abin ya fi damuna. Cutar kala-kala ce, kuma tana sauyawa. Masu bincike kan fitar da iri mai garkuwa ɗaya, kowa ya rungume shi, sai wata sabuwar kala ta ɓullo ta karya garkuwar. Haka aka gani da tsatsar kara da aka gano a Yuganda a 1998, aka sa mata suna Ug99: ta ratsa Kenya da Habasha, ta haye Yaman, ta kai Iran a 2007. A 2013 wata kala ta daban ta kwantar da irin Digalu a Habasha. Shi ya sa cibiyar binciken alkama da masara ta CIMMYT da ke Meziko ke haɗa garkuwa da yawa cikin iri ɗaya.

Wanke iri da magani zai hana?

Ba ta bin iri, iska take bi.

To me manomi zai yi?

Kada unguwa duka ta shuka iri ɗaya. A yi shuka da wuri, a tuge gyauron alkama, a riƙa duba ganye da sassafe. In an gan ta, a kai ganyen wurin malamin gona ko ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, kafin a sayi maganin feshi; irin su tebukonazol suna aiki in an fesa tun ƙurajen ba su hau ganyen sama ba.