Kafin a kankare itace domin Sallah

Sati biyu kafin Babbar Sallar da ta wuce, wani dattijo mai lambun mangwaro a gefen fadamar Kwalkwalawa ya tare ni a hanya. Ya ce, "Malamin gona, taho ka ga wata cuta da ta kama min icce." Na bi shi. A jikin tsofaffin mangwarorin, ta gefen da inuwa ta fi yawa, akwai wasu tabo-tabo masu ruwan toka da ɗan kore, sun manne da ɓawo kamar busasshen fenti. Yaransa har sun kankare guda uku da wuƙa, shi kuma ya sayo farar ƙasa zai shafe sauran, don baƙi za su zo yawon Sallah kuma yana son wuri ya yi fes.

Na ce, "Baba, wanga ba cuta ba ne. A aje wuƙar."

Masana suna kiran abin laikin. Ba tsiro ɗaya ba ne, halittu biyu ne suke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: naman gwari da gansakuka. Gansakuka ce ke haɗa abinci da hasken rana, naman gwari kuma ya yi mata rumfa ya riƙe mata danshi. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya faɗi haka a 1867, kuma abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda da farko. Laikin ba shi da saiwa, ba ya tsotson komai daga itace, wurin zama kawai ya ara. Duk abin da yake bukata daga iska da raɓa da ruwan sama yake samu, shi ya sa gurɓatacciyar iska ke kashe shi da wuri. A biranen Ingila ya ɓace lokacin da hayaƙin kwal ya yi yawa, ya dawo bayan iska ta gyaru. Mu a Sakkwato, da damina ba ta wuce wata huɗu, ganinsa ma sai an dace, galibi kusa da ruwa ko a kan tsohon dutse. Irin mai mannewa ɗin nan wani lokaci milimita ɗaya ko biyu yake ƙarawa a shekara. Tabon da yaro ya kankare cikin minti ɗaya, wataƙila ya girme shi.

Ɓarnar ba ta tsaya a nan ba. Wuƙa ba ta san iyakar laikin ba, takan shiga ɗanyen ɓawo inda abincin itace ke bi, ta buɗe wa ƙwari da ruɓa ƙofa. In kuka ga laikin ya yi yawa a itacen da ke bushewa, ba shi ya kashe shi ba. Ganye ne ya ragu, haske ya samu shiga. A duba gara a gindi, a duba ƙarancin ruwa.

A Turai ma ado ne ke cin laikin: daga dazukan Finlan ake ɗibar wani farin iri ana kai wa Jamus don yin kambun furanni. Akwai kuma wani mai ruwan ɗorawa da mutanen arewacin Turai suka riƙa sa wa kyarkeci da dila a nama don yana da guba. Na kawo wannan ne don a san cewa abu ya fito daga daji ba ya nufin dabba za ta ci ta kwana lafiya.

Ni kaina sai da haɗarin kayan ado ga dabbobi ya zo gidana na yi hankali. Ranar sunan ɗan ƙanwata aka ɗaura balan-balan da siririn zare mai ƙyalli, aka watse aka bar shi a tsakar gida. Washegari kyanwar 'yata ta ƙi cin abinci, tana ta amai, ga ɗan bakin zare yana leƙowa daga bakinta. Uwargida ta miƙa hannu za ta ja, na riƙe ta. Irin wannan zaren yakan maƙale a gindin harshe, sauran ya bi hanji, in aka ja sai ya yanka hanjin. Asibitin dabbobi muka nufa, kuma Allah Ya sa ta rayu. Maƙwabciyarmu ta ce da mun ba ta farasitamol kawai. Kada a kuskura: ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa, don hantarta ba ta iya sarrafa shi.

Albasa ma, wadda muke tinƙaho da ita a ƙasar nan, tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa da kare, ɗanya ko dafaffiya, haka tafarnuwa. Romon naman Sallah da ya sha albasa ba nasu ba ne, a cire musu nasu tun kafin a zuba kayan miya. Masu sayen kariya a tukunya don kyan furenta kuwa su tuna cewa da ruwanta maharba ke haɗa dafin kibiya. A ɗora ta inda akuya da yaro mai rarrafe ba za su kai ba. Batun leda da fasassun balan-balan kuma, duk mahaucin da ya taɓa farka tumbin jar akuya ya ciro dunƙulen leda zai ba ku labari. Dabbar ta yi ta ramewa, ciki a kumbure, mai ita yana ta ɗura mata maganin tsutsa a banza. A share tsakar gida a daren bikin, kafin a saki dabbobi da safe.

Bayan Sallah na koma lambun dattijon. Itatuwa ukun da aka kankare suna ta zubar da ƙaro a wurin raunin, na nuna masa yadda zai sa ido a kansu har su warke. Sauran bai taɓa su ba. Na tambaye shi ina farar ƙasar, ya yi dariya ya nuna min katangar masallacin lambun.