Baƙin mahaya ba su ne ke danne 'yan gida a gasar speedway ta Poland ba

Mutane sun daɗe suna cewa baƙi ne ke cinye guraben matasan gida a tseren baburan speedway. Tarihin Poland ya ƙaryata wannan zance. Kafin a buɗe wa baƙi ƙofa a 1990, shekarar da Hans Nielsen na Denmark ya hau wa ƙungiyar Motor Lublin, zakaran duniya ɗaya tak ƙasar ta taɓa samu: Jerzy Szczakiel, a 1973. Bayan zuwan baƙi aka samu Tomasz Gollob a 2010, sannan Bartosz Zmarzlik ya fara jera kambu daga 2019.

Dokar Ekstraliga, babbar gasar ƙungiyoyin speedway ta Poland, ce ta tsare gida. Dole kowace ƙungiya ta ware gurabe biyu ga matasan Poland masu shekara 21 zuwa ƙasa, kuma tsere na biyu cikin 15 da ake yi a kowane wasa nasu ne su kaɗai. A sauran kuwa, yaro zai jera da gwanayen duniya a bakin layi, kan babur mai 500cc, giya ɗaya, babu birki. Nan yake koyon tashi da shan kwana.

Abin da ke danne matasa shi ne tsadar gyaran inji da rufe filaye, kamar yadda Ingila ta rasa filin Coventry bayan kakar 2016.