Gudaji sun narke, mantuwa na nan: asalin gardamar sabbin magungunan Alzheimer

A watan Agustan 2024, a rana guda, hukumar tantance magunguna ta Birtaniya ta ba lecanemab, sabon maganin cutar mantuwa ta Alzheimer, lasisi, ita kuma hukumar da ke duba abin da asibitocin gwamnati za su saya ta ce amfaninsa bai kai kuɗin da za a kashe ba. A Tarayyar Turai ma kwamitin ƙwararru ya ƙi shi a watan Yuli, ya dawo ya amince a watan Nuwamba bisa sharuɗɗa. Babu wanda ya ɓata lissafi a cikinsu, alƙaluma ɗaya suke kallo. An gwada maganin a kan mutum 1,795 masu farkon cutar har wata 18. A ma'aunin gigin tsufa mai maki 18, waɗanda aka ba ruwa marar magani sun lalace da maki 1.66, masu karɓar maganin da 1.21. Bambancin 0.45 ne. Mai goyon baya zai ce an rage saurin cutar da kashi 27 cikin 100, mai suka ya ce ko rabin maki bai kai ba, kuma iyalan mara lafiya ba lalle su gani a gida ba. Ga kuɗi dala 26,500 a shekara a Amurka, ga kumburin ƙwaƙwalwa a wajen mutum ɗaya cikin takwas.

Mutane da yawa na ɗaukar wannan ja-in-ja sabon abu. Ya girmi maganin da shekaru.

Farkon labarin sananne ne. A 1906 likita Alois Alzheimer ya bayyana wa likitoci a Jamus abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mara lafiyarsa, Auguste Deter, bayan rasuwarta: gudaji a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wani zare da ya cukurkuɗe a cikinsu. A 1984 aka gano furotin ɗin gudajin, amiloyid. Na zaren kuwa sunansa tau. A 1991 aka sami sauyin ƙwayar gado mai haifar da cutar a wani dangi, a 1992 aka tsayar da ra'ayin cewa amiloyid ne ke fara ɓarna, sauran su biyo baya. Magungunan wancan zamani, irin su donepezil na 1996, alamu kawai suke sassautawa. Akwai ɗan abin da ake yawan tsallakewa a nan: masu binciken na 1984, George Glenner da Caine Wong, daga bangon jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa suka tsamo amiloyid ɗin, ba daga gudajin ba. A riƙe wannan.

A 1999 Dale Schenk da abokan aikinsa suka yi wa ɓeraye allurar rigakafi da amiloyid ɗin kansa, domin garkuwar jiki ta koyi farautarsa. Ƙananan ɓerayen ba su tara gudaji ba, manyan kuma nasu ya ragu. Sai dai ɓerayen nan dasa musu ƙwayar gadon mutum aka yi: suna tara gudaji, amma ba sa yin zaren tau, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu kuma ba sa mutuwa da yawa kamar na mutum. Rabin cutar ke nan aka warkar a jikin dabbar da rabin kawai take da shi.

Allurar, mai suna AN1792, ta shiga jikin mutane a 2000. A Birtaniya mutum 80 ne suka shiga gwajin farko. Gwaji na biyu ya ɗauki 372, aka yi wa 300 allurar gaske. A Janairun 2002 aka dakatar, domin wasu sun kamu da kumburin ƙwaƙwalwa da lulluɓinta mai kama da sanƙarau, alhali babu wata ƙwayar cuta. Garkuwar jikinsu ce ta wuce gona da iri. A ƙarshe mutum 18 abin ya shafa, kashi 6 cikin 100. Yawancin masu ba da tarihin nan a nan suke rufe babin, su ce allurar ta gaza saboda illa.

Abin da ya fi muhimmanci ya zo ne bayan haka, a ɗakin binciken gawa a Southampton, a Birtaniya. Likitocin can ba su saki mutanen gwajin farko ba, suka ci gaba da bibiyarsu shekara da shekaru, wasu iyalai kuma suka yarda a duba ƙwaƙwalwa bayan rasuwa. A 2003 aka wallafa ta farko, ta wata dattijuwa. A ƙarƙashin madubi, faffaɗan wurare na ɓawon ƙwaƙwalwarta sun yi fes, gudaji sai ɗaiɗai, abin da ba a saba gani ba a mai wannan cuta. Amma zaren tau na nan daram, amiloyid ɗin da ke bangon jijiyoyin jini ma yana nan.

A 2008 cikakken rahoto ya fito a mujallar Lancet, a kan ƙwaƙwalen mutum 8 da aka yi wa allurar. Amiloyid ya rufe kimanin kashi 2.1 cikin 100 na wurin da aka auna, a waɗanda ba a yi wa ba kuwa 5.1. Allurar ta yi aikin da aka aike ta. Duk da haka 7 cikin 8 ɗin sai da suka kai ƙarshen gigin tsufa kafin rasuwa, har da mutum biyu da gudajinsu ya kusa ƙarewa ƙarƙaf. Ba a kuma ga alamar cewa masu allurar sun fi sauran tsawon rai ba. A shekarar nan dai masu binciken suka nuna cewa amiloyid ɗin da ya bar gudaji ba ɓacewa yake yi nan take ba. Hanyar fitarsa ta jikin bangon jijiyoyin jini ce, sai ya taru a can, aka kuma ga ƙananan ɗigon jini sun fi yawa. Kamar a share tsakar gida a tura sharar cikin kwata.

Duk gardamar yau tana cikin waɗannan ƙwaƙwale takwas. Ana iya kwashe gudaji. Kwashewar ba ta tsayar da cutar idan tau ya riga ya kama. Kuma jijiyoyin jini ne ke biyan kuɗin sharar. An karanta sakamakon ta fuska biyu: wasu suka ce an makara ne kawai, tunda amiloyid na fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta bayyana, wasu suka ce gudajin toka ne, wutar tana wani wuri. Mutum takwas ba za su raba wannan gardama ba. Sai dai karatun farko ne ya fi samun kuɗin bincike, kuma a ganina dalilin mai sauƙi ne: gudaji ana iya ƙirga shi, a ɓera da a mutum, cikin watanni. Tunani kuwa sai an zauna da mara lafiya da mai jinyarsa ana tambayoyi shekara da rabi. Abin da ke da sauƙin aunawa ya zama ma'aunin nasara.

Daga nan aka bar koya wa jiki, aka koma haɗa sinadarin garkuwar a masana'anta a zuba shi ta ƙarin ruwa, yadda za a iya tsayarwa da zarar an ga matsala. Na farko da ya yi nisa, bapineuzumab, ya faɗi a 2012, kuma a gwajinsa ne kumburin nan ya dawo da sabuwar kama. A 2011 aka raɗa wa wannan kumburi suna ARIA. Hoton PET mai nuna amiloyid a rayayyen mutum, wanda aka fara a 2004, ya tona wani abin kuma: fiye da kashi ɗaya cikin uku na marasa APOE4, ƙwayar gado mai ƙara haɗarin cutar, da aka ɗauka hoto a gwajin ba su da amiloyid ɗin ma. Shi ya sa yanzu ba a fara magani sai an tabbatar da shi ta PET ko ruwan ƙashin baya. Solanezumab, da aka ba mutanen da ke da gudaji amma ba su fara mantuwa ba, bai yi amfani ba a 2023, sai dai shi dama ba ya kwashe gudaji sosai. Gwada lecanemab da donanemab, wani sabon magani irinsa, a irin waɗannan mutane shi ne zai auna maganar "an makara" da gaske.

A aikace, darasin Southampton shi ke tsara jinyar yau. Lecanemab miligiram 10 ne ga kowane kilo na nauyin jiki, ta jijiya, kamar awa guda, duk mako biyu. Donanemab sau ɗaya a wata, ana kuma iya dainawa in gudajin ya kau. Kafin a fara sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na MRI, kuma wanda aka ga yana da ƙananan ɗigon jini fiye da 4 ba a saka shi ba a gwajin, domin alama ce bangon jijiyoyinsa ya riga ya cika da amiloyid. Ga mai karɓar lecanemab, ana sake hoton kafin ƙarin ruwa na 5 da na 7 da na 14, a 2025 Amurka ta ƙara wani kafin na 3, saboda yawancin kumburin a wata ukun farko yake zuwa. Galibi hoto ne kaɗai ke nuna shi, ya kuma baje cikin wata huɗu. Kusan kashi 3 cikin 100 ne ke jin ciwon kai, ruɗewa, jiri ko dishi-dishin gani. Wanda ya gaji APOE4 ta uwa da ta uba, haɗarin kumburinsa ya kai kusan ɗaya cikin uku, don haka Birtaniya da Turai suka cire su daga lasisin. A babban gwajin donanemab mutum uku sun rasu ta wannan hanya.

Inda aka fi jin tsoro shi ne sashen gaggawa. Alamun ARIA na iya kama da shanyewar ɓarin jiki, kuma maganin narkar da gudan jini da ake yi wa mai shanyewa cikin gaggawa yana iya ɓalle jijiyoyin da amiloyid ya raunana. A 2023 an wallafa labarin wata mai shekara 65 da ta rasu haka. Saboda haka ake so mai karɓar maganin ya riƙa yawo da kati a aljihu mai ɗauke da sunan maganin, likita kuma ya nemi MRI kafin ya taɓa duk wani abu mai tsinka jini.