Tafkin Jabi

Tafkin Jabi babban tafki ne a Abuja, Babban Birnin Tarayyar Nijeriya, yana kwance tsakanin unguwannin Jabi da Kado, ba nisa da Utako. Ɗan Adam ne ya samar da shi: an datse rafi da madatsar ƙasa, ruwa ya taru a bayanta. Domin ruwan sha aka yi shi, amma yau yawancin masu zuwa bakinsa shaƙatawa ke kai su, da yawansu ma ba su san dam ba ne.

Asalinsa

A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar mayar da babban birnin ƙasa daga Legas zuwa Abuja. A lokacin wurin daji ne da ƙauyukan Gbagyi, kuma ba a gina birni sai da ruwa. Saboda haka a farkon shekarun 1980 aka gina madatsar Jabi, don ta shayar da ma'aikata da mazaunan farko kafin a kammala babban aiki.

Babban aikin shi ne madatsar Usuma da ke kusa da Ushafa a yankin Bwari, wadda ke riƙe ruwa kimanin kyubik mita miliyan 100, ninkin-ba-ninkin na Jabi. Kafin gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, Usuma ta riga ta zama uwar ruwan famfon birnin. Ita ma da jama'a suka yi mata yawa, sai aka janyo mata ƙari daga madatsar Gurara ta Jihar Kaduna, ta bututu mai tsawon kusan kilomita 75. Jabi kuwa, gari ya zo ya kewaye ta, ta koma wurin kamun kifi da shan iska.

Bakin ruwa

Akwai filin shaƙatawa a gefen tafkin, mai ciyawa da inuwar bishiyoyi. Ranar Asabar tun da farar safiya masu motsa jiki ke cika shi, wasu na sassarfa, wasu sun yi sahu suna bin mai koyarwa da kiɗa. Da la'asar sai wurin ya sauya kama: iyalai su shimfiɗa tabarma, masu dawaki su riƙa zagayawa da yara ana biyansu, hayaƙin tsire da gasasshen kifi ya gauraye ko'ina. Masu jiragen ruwa na kiran fasinja, a ɗaura wa mutum rigar kariya, a kewaya da shi a dawo. Ranakun Sallah da Kirsimeti kam, wurin ajiye mota ma aiki ne.

Masunta ba su bar ruwan ba. Da asuba za a ga mutum shi kaɗai a kwalekwale yana janyo koma, yana zazzage karfasa da tarwaɗa a ƙasan jirgi, a bayansa kuma ga ginin Jabi Lake Mall, katafaren rukunin kantuna da aka buɗe a 2015. A lokacin hunturu hazo kan rufe ɗaya gaɓar har sai rana ta ɗaga.

Matsalolinsa

Abin da ya ba tafkin farin jini shi ne kuma ke cutar da shi, wato zamansa a tsakiyar gari. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, magudanan unguwanni na kwararo masa leda da robobi da dagwalo, ga laka da ke taruwa a ƙasa tana rage zurfinsa. Ƙazantar na ciyar da kainuwa da sauran ciyayin ruwa, su kuma su toshe hanyar jirgi, su rage iskar da kifi ke shaƙa. Gine-gine ma sun matso gaɓa sosai, har wani ɓangaren bakin ruwan ba ya shiguwa sai ga mai abin biya. Ruwan ba na sha ba ne kai tsaye, kuma wanka a cikinsa kasada ce, don ƙasan laka ce, zurfin kuma ba ɗaya ba ne daga wuri zuwa wuri.