Idan Wutar Bangaskiya Ta Yi Sanyi: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai Kiristan da bai fasa zuwa sujada ba, yana ba da baiko, yana ma cikin ƙungiyar mawaƙa, amma in ya durƙusa addu'a sai ya ji kamar da bango yake magana. Ga tambayoyin da mai irin wannan hali yakan yi.

Wannan sanyin yana nufin na fāɗi ke nan?

Ba lalle ba. Dubi ikkilisiyar Afisa, a ƙasar Turkiyya ta yau. Manzo Bulus ya yi shekara 3 yana koyarwa a can. A garin ne masu sihiri da suka tuba suka ƙone littattafansu a bainar jama'a, aka ƙiyasta kuɗinsu azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19). Wannan ikkilisiyar ce daga baya aka ce mata ta bar ƙaunarta ta fari (Wahayin Yahaya 2:4). Kafin tsawatawar kuwa sai da aka yaba aikinta, da haƙurinta, da yadda ta tona asirin manzannin ƙarya. Aiki na tafiya, koyarwa daidai, zuciya ce ta huce. Ba a kore su ba, kiran su aka yi su dawo.

Yaya zan gane ko zunubi ne ko gajiya?

Nan ne, a ganina, masu wa'azi da yawa kan yi gaggawa, kowane sanyi sai su ce zunubi. Annabi Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel a gaban annabawan gunkin Ba'al 450. Bai daɗe ba sarauniya Yezebel ta aika masa da barazana, ya gudu jeji, ya zauna gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da ya zo bai yi masa faɗa ba. Waina ya nuna masa da butar ruwa, ya ce ya tashi ya ci. Iliya ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci (1 Sarakuna 19). Sai da ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb sannan aka zo kan magana, aka shaida masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma haɗa shi da Elisha, wanda zai gaje shi.

Matar da ta tashi da asuba ta ɗora tukunya, ta wuni kasuwa, da yamma ta tafi Zumuntar Mata, da dare ta kwana jinyar yaro, in ta yi gyangyaɗi kan Littafi Mai Tsarki, barci take bukata. Amma in akwai abin da kake ɓoyewa, ko wanda ka yi shekara ba ka gaishe shi a ƙofar majami'a, kai ma ka san inda gizo ke saƙar. Dawuda sai da ya furta laifinsa kafin ya roƙi a mayar masa da farin cikin ceto (Zabura 51:12).

In na yi addu'a ba na jin komai, ba munafunci ba ne?

Munafuki don idon mutane yake yi. Kai kuwa a ɗakinka kake, ba mai ganinka. Maganin da aka ba Afisawa kashi 3 ne: su tuna inda suka faɗo, su tuba, su koma ga ayyukansu na fari. Ba a ce su zauna jiran zumuɗi ya dawo ba. Bulus ma ce wa almajirinsa Timoti ya yi ya rura baiwar da ke cikinsa (2 Timoti 1:6). Duk wadda ta taɓa tona toka da safe ta sami garwashi ɗaya ta san aikin: 'yan ƙirare tukuna, a hura a hankali, hayaƙi na shiga ido. In aka jibga masa gungume, mutuwa zai yi. Zabura ɗaya da safe, da waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi wadda ka haddace tun kana yaro, sun fi alkawarin azumin kwana 21 da zai karye ran na uku.

Taron falkaswa fa, wato taron wa'azi na farfaɗo da bangaskiya?

Ka je, yana da amfani. Sai dai kwana 3 ne, baƙon mai wa'azi zai hau mota ya tafi. Ka nemi dattijo ɗaya ko abokin addu'a da zai tambaye ka ran Laraba ko ka karanta abin da ka ce za ka karanta.

Na yi abin kunya, da wane ido zan koma?

Bitrus ya yi musun Yesu sau 3 yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist. Bayan tashin Yesu, a bakin Tekun Tibariya, wata wutar gawayin ya tarar, da kifi a kanta da gurasa. Sai da aka karya kumallo sannan Yesu ya tambaye shi sau 3 ko yana ƙaunarsa, kowace amsa kuma da aikin kiwon tumaki aka bi ta (Yahaya 21). In naka laifin ya taɓa wani mutum, fara da zuwa gidansa. In ƙafarka ta yi nauyi, ka roƙi fasto ko ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya ya raka ka.