Magungunan Gusar da Hankali a Aikin Tiyata

Magungunan gusar da hankali, waɗanda aka fi sani da maganin sa barci, sinadarai ne da ake shaƙa ko a yi allurarsu ta jijiya domin mutum ya fita hayyacinsa na ɗan lokaci, a yi masa tiyata bai ji zafi ba, bai motsa ba, kuma bai tuna abin da ya faru ba. Kiran halin da suke jefa mutum da sunan barci bai cika daidai ba, domin mai barci yana farkawa idan an kira shi, shi kuwa wannan ya fi kama da wanda ya yi doguwar suma, sai dai likita ne ke riƙe da linzaminta.

Tarihi

Ranar 16 ga Oktoba, 1846, likitan haƙori William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci sinadarin eta a birnin Boston na Amurka, aka cire masa ƙari a wuya a gaban taron likitoci. Ana saɓani kan wanda ya fara, tun da Crawford Long ya yi amfani da eta a 1842, amma bai bayyana aikinsa ba sai bayan shekaru. Aibin eta shi ne yana sa amai, kuma yana kama wuta nan take.

Kulorofom, wanda aka fara haɗawa wajen 1831, shi ya fi barin tarihi mai ɗaci. James Young Simpson ya shigo da shi aikin likita a Edinbura a 1847, kuma likitoci suka rungume shi saboda ya fi eta saurin aiki, ba ya kuma kama wuta. Ba a yi wata uku ba, a Janairun 1848, wata yarinya mai shekara 15, Hannah Greener, ta rasu a arewacin Ingila bayan an shaƙa mata kulorofom ana shirin cire mata farcen ƙafa. Duk da haka farin jininsa ya ƙaru bayan likita John Snow ya ba Sarauniya Victoria shi lokacin da take haihuwa a 1853. Sai a 1911 Goodman Levy ya nuna, ta gwaji kan dabbobi, cewa kulorofom na iya rikita bugun zuciya har ta daina harba jini. An kuma gano yana lalata hanta, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke sumarwa da wanda ke kisa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa a hankali aka yi watsi da shi. Akasin abin da mutane da yawa suka ɗauka, ba ya sumar da mutum cikin daƙiƙa, sai an yi mintuna ana shaƙarsa.

Magungunan yau

Furofofol, ketamin da sebofuluren na cikin waɗanda aka fi amfani da su. Yawancinsu suna ƙarfafa saƙonnin da ke rage aikin ƙwaƙwalwa, ketamin kuwa ta wata hanya dabam yake bi.

Haɗari

Babban haɗarin shi ne numfashi. Maganin da ya kwantar da hankali yana kwantar da sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi, harshe kuma na iya faɗawa baya ya toshe maƙogwaro, kuma mintuna kaɗan na rashin iska sun isa su lalata ƙwaƙwalwa har abada. Ƙarfin bugun jini kan faɗi. Abin da ke cikin tumbi na iya tasowa ya shiga huhu, dalilin da ya sa ake hana majinyaci abinci kimanin sa'a 6 kafin tiyata. Akwai kuma wani ciwon gado da ba kasafai ake samu ba, inda zafin jiki ke hawa da sauri, tsoka ta sanƙare, kuma dantarolin ne maganinsa. Tsofaffi kan yi fama da ruɗewa na kwanaki bayan sun farfaɗo.

A ɗakin tiyata akwai ƙwararre da na'urori masu lura da iska da zuciya, saboda haka mutuwa ta dalilin maganin kaɗai ta yi ƙaranci matuƙa. A wajensa babu wannan kariya. A Oktoban 2002, jami'an tsaron Rasha sun fesa iskar sumarwa a wani gidan wasan kwaikwayo na Mosko domin kuɓutar da mutanen da aka yi garkuwa da su, kuma kimanin 130 daga cikinsu suka mutu, kusan duka ta sanadin iskar. Ana kyautata zaton daga dangin fentanil, wani maganin kashe zafi mai ƙarfin gaske, aka haɗa ta.